Kafin Ka Haɗa Kaka da Jika a Mota Ɗaya

Ɗana, 'yata, a 'yan shekarun nan wata sha'awa mai kyau ta shigo zukatan matasan ƙasar Arewa, daga Matankari da Dogon Dutsi har Kore Mai Ruwa da Tibiri, musamman waɗanda aiki ya kai Yamai ko Doso ko Maraɗi kuma Allah ya hore musu abin hawa. Da hutu ya gabato sai ka ji ana shawarar a tara gida kaf, tsoho da tsohuwa, mata da yara, a fita ganin ƙasa. Wani ya ce a je Kure a ga raƙuman dawa, wani ya ambaci gandun dajin W, wani ya ce ko gidan tarihi na Yamai ma ya isa. Niyya ce da ta cancanci a sa mata albarka, domin tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma zumuncin da aka ƙulla a kan hanya yana daɗewa a ran yaro. Sai dai kuskure ɗaya ake ta maimaitawa. Saurayi yakan tsara tafiyar daidai da ƙarfin jikinsa da ɗokin ransa, ya zaɓi wuri mafi nisa da lokaci mafi ƙanƙanta, sai a ƙarshe ya tuna da tsofaffi, ya nema musu gurbi a mota. Daga nan ake dawowa da tsohuwa ƙafafu a kumbure, yaro da zawo, maigida da bashi, kowa yana cewa ba zai sake ba. Shawarata ita ce ka juya tsarin. Ka fara da tsohon da za ka ɗauka, abin da jikinsa zai iya da abin da ke cikin kansa, sannan ka gina sauran tafiyar a kai.

Dalilin farko shi ne, a irin wannan tafiya tsoho ne rabin abin da aka fita nema. Wanda yau yake da shekara 75 ya yi wayo tun kafin farin 1973 da na 1984, waɗanda suka kashe dabbobi da itatuwa suka sauya fuskar Sahel. Ya taso lokacin da tsakanin gari da gari akwai dawa ta gaske, lokacin da kura ke zagaya garke da dare, barewa da zabin daji kuma ba labari ba ne. Tun daga wancan lokaci jama'a ta ninka, gonaki suka haura har kan fako, gatari ya bi geza da sabara, namun daji suka ja baya. Jikansa da ke lakkal a Dutsi ya san giwa da zaki a hoton littafi, amma ka tambaye shi bambancin gwanki da kanki, ko yadda ake gane sawun gadu, ko wane icce ake saran sassaƙensa don ciwon ciki, ka ga ya yi shiru. Jagoran baƙi zai iya faɗa muku yawan dabbobi da shekarar da aka kafa wuri. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ce wa yaro: a nan kusa da gonarmu irin wannan dabba take wucewa sa'ad da nake kamarka. Wannan magana daga bakin kaka kawai take fitowa, kuma ba ta fitowa a zaune cikin gida, sai ido ya ga abin da ya tayar da ita. Duk shekarar da ta wuce masu wannan sani raguwa suke yi, shi ya sa nake ganin jinkirta irin wannan fita asara ce, barin tsofaffi a gida kuwa asara biyu.

Ɗauki raƙuman dawa na Kure. Irinsu a da sun bazu daga Senegal har tafkin Chadi, amma farauta da fari da sarar daji suka cinye su, har a 1996 aka ƙidaya 49 kacal suka rage, dukansu a Nijar. Da kariyar hukuma da haƙurin manoman yankin suka farfaɗo suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji, can arewacin jihar Maraɗi, don kada irin ya tsaya wuri guda. Abin mamakinsu shi ne ba a cikin shinge suke ba. Da damina sukan hau tudun Kure su ci ganyen daji, da rani su gangaro kwarin Dallol Boso, wajen Harikanasu, inda gawo ke cike da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Za ka iske su tsaye cikin karan gero bayan girbi, makiyayi yana wucewa da shanunsa ba wanda ya kula da wani. Wani zai ce maka ai duk wannan yana cikin waya, har ya fi fitowa sarai. To, gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya ƙasa ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya ga dogon harshe baƙi-baƙi yana zagaye ƙaya yana tsinko ganye ba tare da ya soku ba, ya ga yadda dabbar ke ɗaga ƙafafun gefe guda tare in tana tafiya, wannan yaro ya sami abin da allon waya ba ya bayarwa. Tsohon manomi kuma zai ga abin da ya wuce idon yaron. Zai tambayi mutanen wurin yaya suke yi da wakensu, domin raƙuman dawa suna cin wake da mangwaro, kuma daga amsar da za a ba shi ne yara za su fahimci cewa kiyaye dabba yana da tsada, talaka ne kuma ke biyan mafi yawanta.

Yanzu ga magana mai nauyi, wadda ba na so ka karanta da gaggawa. Gandun dajin W, wanda ya samo sunansa daga lanƙwasar kogin Kwara a wurin, an kafa shi a 1954, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1996, a 2017 kuma aka haɗa shi da Arli na Burkina Faso da Panjari na Benin. Ɓangaren Nijar kaɗai ya kai kadada 220,000, da giwaye da ɓauna da zakuna da dorina, ƙofarsa ta Tapowa tana kimanin kilomita 150 kudu da Yamai ta hanyar Sayi da Tamu. Duk ɗan Nijar ya kamata ya yi burin ganinsa. Amma shekaru ke nan 'yan bindiga suka mayar da dajin da kewayensa maɓoya, kuma ba wurin kai iyali ba ne har sai hukuma ta ce ƙura ta lafa. Kure ma da ke bakin babbar hanya ba ta tsira ba. Ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum takwas a can, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, direbansu da jagoransu, abin da ya sa aka rufe wurin ga masu ziyara a lokacin. Na san amsar da matasa kan bayar: ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma mu ba Turawa ba ne, wa zai kula mu? Gaskiya ne rai na hannun Allah. Amma wanda ya fita shi kaɗai ransa ya ɗauka, wanda ya cika mota da uwarsa da 'ya'yan 'yan'uwansa kuwa amana ya ɗauka, kuma tsohuwa da goyo ba sa iya gudu. Tawakkali bai taɓa hana tambaya ba. Kafin ka sa rana, ka tambayi jandarmomi da ma'aikatan gandun daji ko wurin a buɗe yake da kuma sharuɗɗan shiga. Ka sake tambayar direbobin tasha ana gobe tafiya, domin su ne ke bin hanyar kullum, kuma labarin watan jiya ba ya aiki yau. In aka ce kada a je, to an gama magana, ko da an riga an sayi mai an soya kaji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani kuma zai ɗauki wannan gargaɗi ya mayar da shi hujjar zama gida har abada. Shi ma bai yi daidai ba, domin mun saba raina abin da ke kusa. Mu da muke zaune cikin Dallol Mauri muna bisa tsohon kwarin wani kogi da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya sani, shi ya sa ruwa ke kusa a rijiyoyin kwarin, kuma tun 2004 yana cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta amince a kiyaye. In ka bi shi kudu wajen Gaya za ka shiga kurmin giginya da ya isa a tsaya a kalla. Yara nawa ne a Dutsi suke ganin dutsen Tozon Bijini kullum amma ba wanda ya taɓa zaunar da su a gindinsa ya ba su labarinsa? Nawa ne suka taɓa shiga Matankari da niyyar jin tarihin sarautar Arewa, ko Tibiri don jin na gidan Samna? Ga Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, mutanen wasu ƙasashe sun san sunanta, alhali jikokin maƙwabtanta da yawa ba su taɓa taka garin ba. Wanda ke ɗari-ɗari saboda al'adun gargajiya na wurin, ya tuna cewa zuwa jin tarihi daban, bin aƙida daban, kuma baƙo mai ladabi yana gaishe da masu gari ya nemi izini ya bar abin da bai shafe shi ba. Sai dai a nan ma ƙa'idar ɗazu tana aiki, domin arewacin Dutsi bai kuɓuta daga matsalar tsaro ba, sai an tambaya. In kuwa namun daji ake so yara su gani ido da ido cikin kwanciyar hankali, gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana da zakuna da kuraye da dorina, ga ƙasusuwan manyan halittun da da aka tono a hamadar Agadas, ga ragowar iccen Tenere da mota ta kayar a 1973. Dabba a keji ba ta kai dabba a dawa ba, wannan ba musu. Amma akwai inuwa, akwai wurin zama, asibiti kuma yana kusa, kuma ga mai ɗauke da dattijuwa waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Da an tsayar da wuri, sai lokaci. Watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ba lokacin fita da tsoho ko jariri ba ne. Damina lokacin noma ce, ga sauro ga hanyoyin ƙauye da ruwa ke yankewa. Abin da ya rage shi ne bayan girbi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rumbu ya cika, hankali ya kwanta, hutun yara na ƙarshen Disamba kuma ya faɗo ciki, sai dai a tanadi bargo da rigar sanyi saboda hunturu ba ya raga wa mai tari. Game da nisa, daga Dutsi zuwa Doso kusan kilomita 140 ne, daga Doso zuwa Yamai ma kamar haka, Kure kuma tana wajen kilomita 60 kafin Yamai. Saurayi yana duba wannan ya ce ai sammako za a yi, a gani, a juyo kafin isha'i. Lissafin ya yi daidai a jikinsa, amma sama da kilomita 400 ke nan a yini guda ga mutumin da gwiwarsa ke ƙagewa in ya yi awa biyu a zaune. Madugun fatake na da yakan yanke zango ne bisa ƙarfin mafi rauni a ayari, shi ya sa ayarinsa ke isa a cike. Ka raba tafiyar. A yada zango a Doso gidan dangi, a gaida mutane, a ga fadar Zarmakwai, a kwana, da safe a ƙarasa lokacin da dabbobi ke kiwo rana ba ta yi zafi ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ka sa lokutan salla cikin lissafi tun farko, ka kuma tambayi malami hukuncin kasaru, domin tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ta shiga sauƙin da addini ya yi wa matafiyi.

Akwai wani abu da ba a rubuta shi a taswira, kuma shi ya fi ɓata tafiyar iyali: kunya. A gida kowa da ɓangarensa. Suruki ba ya cin abinci gaban matar ɗansa, ita ma ba ta sakewa gabansa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Sai ga shi an matse su duka a mota guda, gwiwa na gugar gwiwa, awa huɗu. Tsohon da fitsari ya matsa ba zai buɗe baki ya faɗa gaban surukarsa ba. Abin da zai yi shi ne ya ƙi shan ruwa tun safe don kada buƙatar ta taso, ka miƙa masa gora ya ce ya ƙoshi, leɓɓansa kuwa sun bushe, da la'asar jiri ya kwashe shi. Mai shayarwa ita ma za ta bar jariri yana kuka don ta rasa yadda za ta yi. Maganin wannan yana hannunka, ba kuma ya cin ko dala. Ka tsaya duk bayan awa ɗaya da rabi ko biyu ba tare da wani ya nema ba, ka ce za ka duba taya ko ruwan mota, ka zaɓi wuri mai inuwa da sirri, maza su yi nan mata su yi can, buta cike a hannu. Wajen zama kuma, Baba ya shiga gaba, jikoki su zauna jikin kakarsu. Tsakanin kaka da jika babu shamakin kunya, sai wasa da tsokana, tana kiransa maigidana yana ce mata ta tsufa ya sake ta, kuma ta wannan ƙofa labarin da nake ta magana a kansa yake fitowa. Ke 'yata, a wannan fanni idonki ya fi na ɗan'uwanki gani, don haka kada ki bari a gama shiri ba a ji ta bakinki ba.

Maganar lafiya gajeriya ce amma ba a tsallake ta. Mai hawan jini ko ciwon suga a kai shi likita ya duba shi kafin tafiya, a ɗauki maganinsa da rara tare da takardarsa, a ajiye a jakar hannu kada a ɗaure shi cikin kaya bisa mota. Mai ciwon suga ba ya jiran a isa gari kafin ya ci, a riƙe masa abin taɓawa. Ruwan sha daga gida, fiye da yadda kake zato. Gidan sauro ko da sanyi ne, da ƙunshin gishirin zawo na yara. Guzurin da aka saba, irin su dambu da ƙuli-ƙuli da soyayyen nama da dabino, ya fi abincin bakin hanya da cikin tsoho bai sani ba.

Mota kuwa a kai ta gareji da sauran kwanaki, kada a bari sai daren tafiya: birki, tayoyi har da safaya, jak, fitilu, ruwa. Takardun mota da katin shaidar kowane babba da takardun haihuwar yara su kasance a hannu, domin shingayen bincike suna da yawa a wannan hanya. Kada a cusa mutum tara inda aka yi wa biyar don gudun ɓacin ran wanda aka bari. A yi mota biyu, ko a bar wasu sai zagaye na gaba. Kuma a ɗaure wa kai ƙa'ida guda: rana ba za ta faɗi muna kan hanya ba. Da dare ne manyan motoci ke kashe ido da fitila, da dare ne amalanke da jakuna ke hawa kwalta ba alama, da dare ne kuma mugu ke fita. Direban da ya kwana hira ba direba ba ne da safe, ko da shi ne mai motar.

Saura ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi, wanda sau da yawa daga bakin tsofaffin kansu yake fitowa: wannan yawon na masu kuɗi ne, da a ƙona mai don kallon dabba ba gara a sayi buhun hatsi ba? Ba na raina wannan magana, domin waɗanda suka ga yunwa da idonsu ne ke faɗinta. In rumbu bai kai damina ba, ko akwai bashin asibiti ko kuɗin makarantar yara, to hatsi ne gaba, tafiya ta jira baɗi. Amma gidan da ke iya yin anko da kiɗan biki da sauya waya duk shekara ba zai ce kwana biyu na fita da iyaye ne almubazzaranci ba. Abin da ke mayar da tafiya asara shi ne rashin tsari: mutum ɗaya ya ɗauki nauyi don a yaba masa, kuɗi su yanke a Birnin Gaure, a fara kiran waya ana neman a turo. Ku zauna ku 'yan'uwa tun watanni kafin lokaci, ku yi asusu, kowa ya zuba daidai ƙarfinsa, wanda ba shi da kuɗi ya kawo guzuri ko ya yi tuƙi. A ba mutum ɗaya riƙon jaka, a ware wani kaso da ba a taɓawa sai mota ta lalace ko wani ya kwanta. A sa kuɗin jagora cikin lissafi, kada a tsaya ana ja-in-ja da shi kan 'yan ɗaruruwa, domin da wannan yake ci da gidansa, kuma samun da mutanen wuri ke yi daga baƙi yana cikin abin da ke sa su haƙura da ɓarnar dabbobin. In an isa, a bi maganarsa: ba a kora, ba a jifa, ba a ihu, ba a matsawa kusa da mai ɗa don a ɗauki hoto, leda da gwangwani kuma su koma mota.

Game da waya, ba na ce a bar ta a gida ba. Ku ɗauki hoto, amma ku juya ta wajen tsohon ku naɗi muryarsa sa'ad da ya fara ba jikoki labari, da izininsa, ku tura wa 'yan'uwan da ke Kwatano da Legas da Agadas. Kada ka katse shi don gyara masa shekara ko don jagora ya faɗi wani abu daban. Ka bar yara su yi ta tambaya, ko da tambayar ta ba ka dariya.

Kuma ka shirya jin amsar da ba ka zata ba. Mai yiwuwa ka je wa Baba da shirin Kure ko Yamai, ya saurare ka har ƙarshe, sannan ya ce shi in da hali, a kai shi Gesheme ya ga ƙanwarsa da rabonsa da ita shekaru, a biya ta tsohuwar gonar mahaifinsa ya nuna wa yara inda rijiya take da inda iyakar dawa ta tsaya a zamaninsa. Kada ka ɗauka ya rushe maka shiri. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi wa wannan tafiya tanadin da za ka yi wa mai nisa, da duba mota da tambayar hanya da tsayawa a inuwa, raƙuman dawa kuma a sa musu rana a hutu na gaba.